Ra'ayinmu: A Yi Maganar Jiri Kafin a Sayo Tabarau

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata masu karanta wannan mujalla, a wannan fitowa mun ga ya kamata mu jawo hankalinku ga wani al'amari wanda da jin sa za a ce ƙarami ne, alhali kuwa yana iya zama sanadin asarar dukiyar jama'a da tauye haƙƙin 'ya'yan talakawa. Al'amarin shi ne jiri da tashin zuciyar da ke kama mutum idan aka ɗaura masa tabaran nan na kwamfuta, wanda ake kira VR a taƙaice, domin a koya masa wani aiki. Shi wannan tabarau yakan rufe idanun mai koyo ruf, ya nuna masa wata duniya ta kwaikwayo, ya ga kamar yana bisa tarakta ko cikin ramin haƙar ma'adinai, alhali yana tsaye a tsakiyar aji. Manyan kamfanoni da rundunonin soja na ƙasashen waje sun daɗe da rungumar sa. A 2018 kamfanin Walmart na Amurka ya rarraba irin wannan tabarau kimanin 17,000 a kantunansa don horar da ma'aikata. Mun kuwa san halin ƙasarmu: abin da ya karɓu a can ba ya jimawa sai ɗan kwangila ya kawo shi nan cikin kwali. Matsayinmu shi ne, duk hukumar da za ta sayi wannan na'ura, tilas ne ta ɗauki jirin a matsayin aibin na'urar da na tsarin koyarwar, ta yi masa tanadi tun a takardar kwangila, kada ta ɗora laifin a kan mai koyo.

Domin kada maganar ta tsaya a sararin sama, bari mu sauke ta a kudancin Jihar Kano, wato ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda ke da kujeru 2 a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Idan ana neman inda horo ta hanyar kwaikwayo zai yi rana, wannan yanki yana cikin sahun gaba. A Bebeji ne madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma daga gare ta ake shayar da gonakin noman rani na Kadawa. Tudun Wada da Doguwa ƙasar masara ce da shinkafa, masu bukatar direbobin tarakta da na injin girbi. A Riruwai, hedkwatar Doguwa, akwai duwatsun kuza da aka daɗe ana haƙa. Dajin Falgore kuwa, sojojin Nijeriya sun mai da wani sashe nasa filin horo a 2017. Tuƙin tarakta da shiga rami da sintiri a daji duk ayyuka ne masu haɗari da tsadar koyo, kuma su ne irin waɗanda dillalan na'urar ke yi wa talla. Saboda haka ba abin mamaki ba ne gobe a ji an buɗe wata cibiyar koyon sana'a da sunan aikin mazaɓa, an jera tabarau a kan tebur, an kira 'yan jarida. Tambayarmu ita ce, bayan 'yan jarida sun watse, me zai sami yaron da aka ɗaura wa?

Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin cutar da muke magana a kai, ko da ba su taɓa ganin tabaran ba. Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, ya ratsa Falgore ya nufi Saminaka ko Jos, ya san yadda tafiyar take kasancewa. Kafin a yi nisa sai wani fasinja a gidan baya ya yi tsit, ya shiga hamma, yawu ya tsinke masa, gumi ya karyo, can sai a ji ana neman leda. Yaran mota da 'yan kamasho ba su karanta ilmin likita ba, amma sun san abubuwa 4 da masana suka tabbatar. Sun san direba ba ya amai. Sun san gidan gaba ya fi gidan baya sauƙi. Sun san mai sunkuyar da kai yana duba waya ko littafi ya fi saurin kamuwa a kan mai kallon hanya. Sun kuma san zafi da cunkoso da warin fetur suna ƙara tsananta abin. Wannan ilmi na tasha shi ne mabuɗin fahimtar abin da ke faruwa a cikin tabarau.

Ga yadda masana suka bayyana shi. Can cikin kunnen ɗan Adam, bayan wurin da ke jin sauti, akwai wasu 'yan bututu 3 masu lanƙwasa cike da ruwa, da wasu 'yan jakunkuna 2 masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi. Bututun suna gane juyawar kai, jakunkunan kuma suna gane karkacewa da tashi da tsayawa. Abin lura shi ne, kunne ba ya auna gudu, canjin gudu yake aunawa: lokacin da aka taka totur, ko aka taka birki, ko aka sha kwana. Kullum ƙwaƙwalwa tana karɓar labari daga ido da kunne da gaɓoɓi, tana gwada shi da abin da ta saba. A littafin da James Reason da J. J. Brand suka fitar a 1975, sun nuna cewa jiri da tashin zuciya suna zuwa ne idan waɗannan labarai suka saɓa wa juna kuma suka saɓa wa sabo. Fasinjan gidan baya idonsa yana kan ƙeyar na gabansa, wadda ba ta motsi, kunnensa kuwa yana jin kowane rami da kowace kwana. Shi ko direba yana hango kwanar tun daga nesa, kuma da hannunsa yake murɗa sitiyari, don haka jikinsa ya riga ya san abin da zai zo.

A cikin tabarau sai lamarin ya juye. Ido yana ganin tarakta tana gudu a kan kunya, tana shan kwana a ƙarshen gona, kunne kuwa yana shaida cewa mutumin yana zaune daram a kan kujera. Kowa ya taɓa ɗanɗana ƙaramin misalin wannan: kana zaune cikin mota a tasha, ta kusa da ku ta motsa, sai ka ji kamar taku ce ke komawa da baya. A tasha ruɗin na daƙiƙa ɗaya ne, domin da ka waiga ka ga rumfar mai shayi a tsaye sai hankalinka ya dawo. A cikin tabarau babu rumfar da za ka waiga ka gani, domin duk inda ka juya duniyar kwaikwayon ce. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a nan ji ba ya koruwa. Gardama ce ke ɓarkewa tsakanin ido da kunne, ciki kuma shi ke biyan tara.

Me ya haɗa ciki da gardamar ido da kunne? A 1977 wani masani mai suna Michel Treisman ya kawo bayanin da mutane da yawa suka karɓa, cewa guba iri-iri takan rikita gani da daidaiton jiki, saboda haka idan ƙwaƙwalwa ta ga irin wannan rikici sai ta zaci an ci wani mugun abu, ta yi umurni a fitar da shi. Ko wannan bayani ya cika ko bai cika ba, akwai abin da gwaji ya tabbatar. Daga 1958 zuwa 1968 rundunar sojan ruwa ta Amurka da hukumar binciken sararin samaniya ta NASA sun yi aiki da wasu kurame 11 daga Kwalejin Gallaudet, waɗanda yawancinsu sanƙarau ne ya lalata musu wannan sashe na cikin kunne tun suna yara. An juya su a ɗakuna masu jujjuyawa, an sa su a jirgin ruwa cikin guguwar teku har masu binciken da kansu suka galabaita, amma su ko gezau. Ma'anar wannan a fili take: mai lafiyayyen kunne ne ke jin jiri. Wanda ya cire tabarau yana layi ba rago ba ne, jikinsa ne ke aiki yadda aka halicce shi.

Haka nan kuma cutar ta girmi tabaran da shekaru masu yawa. A 1929 Edwin Link ya ƙera akwatin koyon tuƙin jirgin sama a Amurka, yana motsa shi da irin zugazugan da ake amfani da su a masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa, aka kuma horar da dubban matuƙa da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. A nan kusa da mu ma, Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana amfani da na'urorin kwaikwayo wajen horar da ɗalibanta. A ƙarshen shekarun 1950, da aka ƙera na'urar koyon jirgi mai saukar ungulu mai faffaɗan majigi a gaba, sai rahotanni suka fara fitowa cewa masu shiga suna fitowa da jiri. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, malaman da suka ƙware da jirgin gaske sun fi ɗalibansu kamuwa, saboda jikinsu ya san yadda jirgi ke motsi, ya nemi wannan motsin bai samu ba. A binciken da Robert Kennedy da abokan aikinsa suka buga a 1989 kan na'urori 10 na sojan ruwan Amurka, yawan masu kamuwa ya tashi daga kashi 10 cikin 100 a wata na'ura har zuwa kashi 60 a wata. Ku lura da wannan tazara. Matuƙan duk zaɓaɓɓu ne masu ƙoshin lafiya, na'urorin ne suka bambanta.

Kada kuma a ce ai wannan tsohon labari ne. A 2021 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Microsoft wadda za ta iya kaiwa kusan dala biliyan 22, domin samar wa sojoji tabarau irin wanda ke ɗora hoto a kan abin da ido ke gani. A 2022 rahoton masu gwaji na ma'aikatar tsaron ƙasar ya nuna sojojin da suka sa shi sun yi fama da ciwon kai da gajiyar ido da tashin zuciya. Majalisar dokokinsu ta ƙi amincewa da dala miliyan 400 da aka nema don ƙaro wasu, ta ba da miliyan 40 kawai a je a gyara. Ba su ce sojojinsu ragwaye ne ba, kuɗin suka riƙe. Idan ƙasar da ta ƙera abin ta yi haka, ina dalilin da wata ƙaramar hukuma ko ma'aikata a nan za ta biya kafin ta gwada?

Yanzu sai mu zo ga gundarin maganar, wato motsi. Ba kowane darasi na cikin tabarau ke sa jiri ba. Idan mai koyo yana tsaye wuri ɗaya, yana koyon walda, ko kwance injin ban ruwa, ko haɗa wayarin, ko shirya kayan allura, to duk motsin da idonsa ke gani motsin jikinsa ne na gaskiya, kuma ba a cika samun matsala ba. Haka idan yana takawa da ƙafarsa a cikin ɗaki, duniyar kwaikwayon tana bin takunsa. Fitina tana farawa ne idan wurin da ake nunawa ya fi ɗakin girma, aka ce mutum ya danna wani madanni a hannunsa ya riƙa sulalewa gaba alhali ƙafarsa ba ta ɗaga ba. Mafi muni shi ne a juya masa duniyar ba tare da ya juya kansa ba, ko a ɗauke shi a tafi da shi ba da ikonsa ba, wato a mai da shi fasinjan gidan baya. Masu ƙira sun fito da dabaru na rage wannan. Akwai tsallake, inda mutum zai nuna wuri sai kawai ya tsinci kansa a can. Akwai juyi na kashi-kashi maimakon juyi a sulale. Akwai ƙuntata gefen gani yayin tafiya, dabarar da masu bincike a Jami'ar Kolombiya ta Amurka suka gwada a 2016. Akwai kuma barin wani abu tsayayye a gaban ido, kamar gilashin mota da sitiyari, wanda zai zame wa mutum kamar rumfar mai shayin nan.

Sai dai kowace dabara tana da farashinta, kuma a nan ne ake bukatar malami mai hankali. A ɗauki misalin mai haƙar kuza da ake koya wa hanyar fita daga rami idan ƙasa ta rufta. Idan da tsallake ya koyi hanyar, ba zai yi amai ba, amma bai san nisanta ba, bai kuma san kwana nawa zai sha a cikin duhu ba. A ɗauki kuma mai koyon tuƙi. Da ya gane cewa juya kai yana tayar masa da zuciya, sai ya koyi ƙame wuya yana kallon gaba kawai. Zai iya cin jarrabawar na'urar, amma ya fita da mugun sabo, domin direban da ba ya waiwaye a mahaɗar hanya ajalin mutane ne. Ashe jiri bai tsaya ga wahalar da mai koyo ba, yana iya ɓata darasin kansa. Wanda zuciyarsa ke tashi hankalinsa yana kan cikinsa, kuma abin da yake koya a lokacin shi ne yadda zai daure.

Bayan tsarin motsi, ingancin na'urar ma yana da nasa hannu. Duk lokacin da mutum ya juya kai, tilas hoton ya biyo shi nan take. Masu ƙira suna neman kada jinkirin ya wuce kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa, kuma hoton ya riƙa sabuntuwa kamar sau 90 a daƙiƙa guda, alhali fim ɗin silima sau 24 ne kacal. Idan kwamfutar ba ta da ƙarfi, ko ta ɗauki zafi, sai hoto ya riƙa jan ƙafa, duniya ta riƙa zamewa a gaban ido. To ku auna wannan da halin da muke ciki: ajin kwano a watan Afrilu, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, janareto yana hayaƙi a bakin taga, ga soso manne a fuskar yaro. Duk abin da ke tsananta amai a motar haya ya hallara. Na'urar da ta yi kyau a ɗakin otal mai sanyi ranar da dillali ya zo nuni, ba lallai ta yi haka a Kiru ko Riruwai ba. Araha kuwa ba ta ado.

Wa abin zai fi shafa? An daɗe ana cewa mata sun fi maza kamuwa. Amma binciken da Kay Stanney da abokan aikinta suka buga a 2020 ya nuna cewa babban dalili shi ne tazarar da ke tsakanin idanu. Tazarar manya takan kasance wajen milimita 63, ta mata kuma galibi ta fi ta maza ƙanƙanta, alhali wasu tabarau ba sa matsowa su dace da ƙaramar fuska. Da aka ba matan tabaran da ya dace da idanunsu, sai bambancin ya ragu ƙwarai. Ku dubi abin da zai faru idan ba a san wannan ba. Za a ɗauki 'yan mata a shirin horo, su kasa jurewa, a rubuta a rahoto cewa mata ba su dace da aikin ba, alhali tabaran ne bai dace da su ba. Haka tsohon direban tarakta da ya shekara 20 yana huɗa zai iya fita yana layi, yaron da bai taɓa hawa ba ya zauna lafiya, a ba yaron takardar shaida a sallami gwanin. Ga kuma wata matsala tamu ta gida, wato kunya da gudun a ce mutum yana da raki. Ka tambayi Bahaushe yaya jiki, ko yana gab da faɗuwa zai ce da sauƙi. Saurayi ba zai yarda ya cire tabarau a gaban tsaransa ba, budurwa ba za ta faɗa wa malami namiji zuciyarta na tashi ba, wanda kuma ya samu gurbin da ƙyar yana tsoron kada a ba wani. Sai su yi shiru, ranar biyu a ga kujeru sun ragu, a ce mutanen ƙauye ba sa son ci gaba.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne abin da ke biyo bayan cire tabarau. Jirin ba ya ƙarewa nan take. Ga wasu mutane rashin daidaito da dishi-dishin gani sukan ɗauki sa'o'i. Shi ya sa rundunonin sama na wasu ƙasashe ke hana matuƙin da ya ji alamun tashi da jirgi sai bayan wani lokaci, kuma masu ƙera tabaran da kansu suna rubuta gargaɗi cewa kada a tuƙa mota ko a sarrafa inji sai an wartsake sarai. To, mai koyo a yankin da muke magana da me zai koma gida? Da babur zai koma, wataƙila ma da goyo, a kan hanyar da tireloli ke bi. Idan aka tashi horo da la'asar kowa yana sauri ya isa kafin duhu, wa zai tsaya ya duba ko idon yaron ya daidaita? Idan wani abu ya faru a hanya, hatsarin babur za a rubuta, ba wanda zai danganta shi da ajin da aka baro.

Wani zai ce ai akwai ƙwayoyin hana amai a kemis. Akwai su, amma yawancinsu suna sa barci da nauyin jiki, wanda bai dace da mai koyo ba balle mai hawan babur. Citta da iska mai sanyi sukan taimaka wa wasu, ba mu hana ba. Maganin da aka fi tabbatarwa shi ne sabo a hankali: zama gajere na 'yan mintoci, a tsaya da zarar alama ta fara, a dawo wata rana, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Yawancin mutane sukan saba ta haka, ko da yake akwai 'yan kaɗan da ba sa sabawa. Wannan kuwa ya ci karo da al'adarmu ta bita, inda ake cusa darasin wata guda cikin kwana 2 saboda kuɗin abinci da alawus da saurin rufe fayil kafin ƙarshen shekara.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ce a guji na'urar ba. Gara yaro ya kifar da tarakta sau 10 a cikin tabarau da ya kifar da ta gaske sau ɗaya a bakin magudanar ruwa. Na'urar ba ta shan man dizal, ba ta karya garma, kuma tana iya nuna wa mutum gobara ko ruftawar rami ba tare da an rasa rai ba. Saboda muna son ta yi amfani ne muke tsoron kada ta bi sahun injunan da muka sha gani a sito, ƙura ta rufe su, an saya da kuɗin jama'a ba a tambayi masu amfani da su ba.

Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu ƙananan ma'aikata, ku da ke rubuta daftarin farko wanda darakta zai sa wa hannu, ku tsaya a kan waɗannan sharuɗɗa. Na farko, kada a biya sai an gwada na'urar a ɗakin da za a yi amfani da ita, da rana tsaka, a kan mutanen da za a horar, maza da mata, yara da manya. Na biyu, a rubuta a takardar kwangila cewa tilas gilasan tabaran su zama masu matsawa, darasin ya kasance da hanyoyin motsi fiye da ɗaya, kuma a haɗa da wutar sola ko batir da fanka. Na uku, a fara da darussan tsayuwa wuri ɗaya kafin a shiga na tafiya da tuƙi. Na huɗu, a raba horon a kan kwanaki, zama gajere-gajere, kuma a sanar da kowa tun ranar farko cewa cire tabarau ba ya rage maki. Na biyar, a tambayi masu farfaɗiya da masu juna biyu da masu ciwon kunne ko ido, a tanadar musu, su da duk wanda ya kasa sabawa, wata hanyar samun takardar shaida. Na shida, kada a sallami kowa ya hau abin hawa sai ya huta an ga tafiyarsa ta daidaita, darasin tabarau kuma ya zama na safe. Na bakwai, jarrabawar ƙarshe a yi ta a kan tarakta ta gaske, a gona ta gaske. Mun san ƙaramin ma'aikaci ba shi da ta cewa a kan wanda za a ba kwangila, amma layi guda da ya saka a daftari yakan rayu har a sa hannu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ɗalibai ma akwai aikin da ya rataya a wuyanmu. A 1993 Kennedy da abokan aikinsa sun fitar da takardar tambayoyi mai alamu 16, wadda har yau ake amfani da ita wajen auna wannan cuta, inda mai koyo zai nuna ko bai ji alama ba, ko ya ji kaɗan, ko matsakaici, ko mai tsanani. Da Turanci aka rubuta ta. Wanda zai cika ta a Tudun Wada da Hausa yake jin jikinsa, kuma harshenmu ba matalauci ba ne a wannan fage: muna da jiri, da juwa, da hajijiya, da tashin zuciya, da sarawar kai, da dishi-dishi, da kasala. Muna ba da shawara ɗaliban sashen Hausa su haɗa kai da na likitanci da na kimiyyar kwamfuta, su mai da wannan takarda Hausa, su gwada ta a kan fasinjoji da direbobi a tashoshin yankin don a tabbatar kowace kalma tana nufin abin da ake so. Takardar da mutum zai cika shi kaɗai, ko a karanta masa a keɓe, za ta fitar da abin da kunya ke ɓoyewa a gaban aji. Aiki ne da ya isa kundin kammala digiri, kuma ba ya bukatar dala ko ɗaya.

Daga ƙarshe, muna tunatar da kanmu cewa ilmin da muke nema a jami'a da kuɗin talakawan nan ake biyan mafi yawansa, kuma gobe mu ne za mu zauna a teburan da ake yanke shawarar abin da za a saya musu. Idan lokacin ya zo, dillali zai yi magana da yawun kamfaninsa, ɗan siyasa zai yi magana da yawun kujerarsa. Yaron Doguwa da yarinyar Bebeji da za a ɗaura wa tabaran ba za su kasance a ɗakin taron ba. Wajibinmu ne mu tambaya a madadinsu: an gwada, kuma mutum nawa ne suka kasa ƙarasa zaman? Allah Ya sa mu zama masu amfani ga jama'armu, amin.